Amurka ta kusa shekara 50 tana saye fiye da yadda take sayarwa: wa ke biyan cikon?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, ina so masanan gidan nan su warware min. Rabon da Amurka ta sayar wa duniya fiye da abin da ta saya tun 1975. Daga 1976 zuwa yau, kowace shekara giɓi take ci. A 2024 kaɗai, tazarar da ke tsakanin kayan da ta shigo da su da waɗanda ta fitar ta kai wajen dala tiriliyan 1.2. A 2024 ɗin kuwa China ta tashi da rarar da ta kusa dala tiriliyan 1. Ni abin da na sani, magidancin da kullum kashewarsa ta fi samunsa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya sayar da gidan da yake ciki. To ta yaya ƙasa za ta ɗauki wannan tsawon lokaci a haka, amma har gobe ita ake kira mafi ƙarfin tattalin arziki? Ko dai akwai abin da ba a faɗa mana, ko kuma ranar ƙin dillanci na nan tafe. Ni dai a ganina Trump yana da gaskiya da yake cewa ana cutar ƙasarsa.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Tambayarka mai kyau ce, amma bari mu fara gyara lissafin tukuna. Tiriliyan 1.2 ɗin nan na kaya ne zalla, wato abin da ake lodawa a jirgi: motoci, wayoyi, tufafi, magunguna. Akwai kuma abin da ƙasa ke sayarwa wanda ba ya shiga kwantena. Ɗalibin da ya bar ƙasarsa ya je karatu jami'ar Amurka, kuɗin makarantarsa ciniki ne Amurka ta yi. Haka mai yawon buɗe ido, haka kamfanin da ke biyan kuɗin manhajar Microsoft ko talla a Google, haka ayyukan banki da inshora. A wannan ɓangaren Amurka rara take samu, kusan dala biliyan 300 a 2024. Idan ka cire, giɓin ya koma sama da biliyan 900 kaɗan. Har yanzu kuɗi ne mai kauri, ban musa ba.

Sai batun magidanci. Inda misalin ya karye shi ne, magidanci ba ya buga kuɗin da masu binsa bashi ke rububin karɓa. Amurka tana biyan kayan da ta saya da dala, kuma dalar nan ba ta da inda za ta je ta kwana sai ta koma gida. Kamfanin Japan ya sayar da mota ya karɓi dala, me zai yi da ita? Ko ya sayi kayan Amurka, ko ya sayi hannun jari a can, ko ya gina masana'anta a can, ko ta faɗa hannun babban bankin ƙasarsa ya sayi takardun bashin gwamnatin Amurka. Japan kaɗai tana riƙe da takardun nan na sama da dala tiriliyan 1. China ta taɓa riƙe wajen tiriliyan 1.3 a 2013 kafin ta fara ragewa. Saboda haka duk dalar da ta fita ta ƙofar ciniki, tana dawowa ta ƙofar jari da bashi.

Baban Khalifa:
To ai ka faɗa da bakinka, Malam. Bashi ne. Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, amma ai biya ake yi.

Malam Habu:
Wani bashi ne, wani kuma sayar da kadara ne. Kuma e, ana biyan ruwa a kai, ba kyauta ba ne. Abin da nake so ka gani shi ne ba wai wata ƙasa ce ta yi wa Amurka fashi ba. Amurkawa, da gwamnatinsu da jama'arsu, suna kashewa da zuba jari fiye da abin da suke tanadi. Cikon sai ya zo daga waje. China kuma akasin haka take: abin da magidanta ke kashewa bai kai kashi 40 cikin 100 na tattalin arzikinta ba, a Amurka kuwa ya kusa kashi 70. Ƙasar da ke ƙera abin da mutanenta ba sa iya saye duka, dole ta nemi inda za ta kai ragowar.

Kwamared:
Allah ya gafarta Malam, wannan bayanin allo ne. A takarda komai ya daidaita, dala ta fita dala ta dawo. Amma ba hannu ɗaya ta fita ta dawo ba. Ta fita daga garin da aka rufe masaƙa, ta dawo a aljihun masu hannun jari a New York. A shekarar 2000 mutanen da ke aiki a masana'antun Amurka sun kai miliyan 17. China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disamban 2001. Kafin 2010 sun koma ƙasa da miliyan 12. Mutum miliyan 5 fa, da iyalansu. Ka je ka ce wa wanda ya shekara 20 yana haɗa kujeru a North Carolina wai ya kwantar da hankalinsa, ƙasarsa na samun rara a sayar da manhaja. Shi ina ruwansa? Waɗannan mutanen ne suka fusata suka zaɓi Trump, zaɓen da duniya ke kuka da shi yanzu.

Malam Habu:
Ban raba ɗaya biyu da kai a kan wahalar da suka sha ba, Kwamared. Sai dai ba ciniki kaɗai ya ci ayyukan ba, injuna ma sun ci nasu rabon. Jamus da Japan sun shekara da shekaru suna samun rara, amma su ma kason ma'aikatan masana'antunsu ya ragu.

Kwamared:
Ya ragu, amma ba faɗuwar bakin rijiya irin ta shekara 10 ɗin nan ba.

Ɗan Tasha:
Ku ba ni dama in sa baki, don ni aikina ke nan, fiton kaya a tashar jiragen ruwa, kuma waɗannan alƙaluman da kuke jayayya a kansu daga takardun da irinmu ke cikewa ake tattaro su.

Idan kwantena ta iso, jami'in kwastam abu uku yake dubawa a takarda: mene ne kayan, nawa ne kuɗinsu, daga wace ƙasa suka fito. Wannan na ukun shi ne inda gizo ke saƙa. Gurbi ɗaya ne tak a takardar, ƙasa ɗaya za ka rubuta. Ɗauki wayar iPhone. A California aka zana ta, ƙwaƙwalwarta a Taiwan aka ƙera, fuskarta sau da yawa daga Koriya ta Kudu, wasu sassan kyamarar daga Japan. Galibi a China ake haɗa ta a sa a kwali. Idan ta sauka a Amurka, kuɗinta na masana'anta gaba ɗaya a kan China ake rubuta shi, alhali abin da ya zauna a China na ladan haɗawa ɗan kaɗan ne. Kun ga giɓin da ake cewa na China, wani yankinsa na Taiwan ne da Koriya da Japan, kawai dai China ce ta ƙarshe da ta taɓa kayan.

Akwai kuma wani. Yawancin ƙasashe idan suna lissafin kayan da suka fitar, kuɗin kayan ne kawai har zuwa bakin jirgi. Idan kuma suna lissafin na shigowa, sai su haɗa da kuɗin jirgi da inshora. Kwantena ɗaya, kaya ɗaya, amma ƙasar da ta tura ta rubuta wani adadi, wadda ta karɓa ta rubuta wanda ya fi shi. Ga kayan da ke ya da zango a Hong Kong ko Rotterdam kafin su wuce. Shi ya sa idan ka ɗauko alƙaluman Beijing da na Washington a kan cinikin da ke tsakaninsu ba sa taɓa zama daidai. Ban ma zo kan masu rage kuɗin kaya a takarda don gudun haraji ba, wannan hira ce ta wata ranar.

Ummita:
Ɗan Tasha, na gode, ban taɓa sanin haka ba. Ina da tambaya ga Malam Habu, ku yi haƙuri ni ɗaliba ce. Idan giɓi ba matsala ba ne, me ya sa Sri Lanka ta durƙushe a 2022? Na ga hotunan layin mai da na iskar gas, an ce dala ce ta ƙare musu.

Malam Habu:
Yawwa Ummita, kin taɓo inda ya kamata. Ban ce giɓi ba matsala ba ne. Na ce ga Amurka bai zama abin da Baban Khalifa ke tsoro ba, kuma dalilin bai shafi kowa ba sai ita. Fiye da rabin kuɗaɗen da manyan bankunan duniya ke ajiyewa dala ce. Mai da sauran manyan hajoji da ita ake cinikinsu. Amurka tana cin bashi da kuɗinta na kanta. Sri Lanka kuwa da dala ta ci bashi, da dala take sayen mai da magani, kuma ba ta buga dala. Tana samunta ne daga shayi da tufafi da masu yawon buɗe ido da 'yan ƙasarta da ke aiki a waje. Korona ta zo ta kashe yawon buɗe ido, gwamnati ta riga ta rage haraji a 2019, sannan a 2021 ta hana shigo da takin zamani, noma ya faɗi. Asusun ajiyar ya ƙare, a Afrilun 2022 ta ce ba za ta iya biyan bashin waje ba.

Thailand ma ta ga irin haka. A 1996 giɓinta ya kai wajen kashi 8 cikin 100 na tattalin arzikinta, kuma da bashin ɗan gajeren lokaci take cike shi. Masu kuɗin suka tsorata suka janye, a Yulin 1997 ta saki kuɗinta ya faɗi warwas. Ki lura da abin da ya biyo baya: a 1998 Thailand ta samu rara mai yawa. Ba don ta yi arziki ba, sai don mutane da kamfanoni sun talauce ba sa iya sayen kayan waje.

Baban Khalifa:
Duk da haka dai, Malam, in aka ce in zaɓa tsakanin rara da giɓi, ai ko yaro ya san wanda zai ɗauka.

Maman Iman:
Baban Khalifa, da ka tsaya ka karanta layin ƙarshe na Malam da kyau. Ita kanta Amurkar, shekarar da giɓinta ya fi raguwa a baya-bayan nan ita ce 2009, ya sauko daga wajen biliyan 700 zuwa ƙasa da 400. Shekarar da miliyoyin mutane suka rasa aiki da gidajensu ke nan. Wa ya yi murna da wannan ragin?

Kuma duba masu rara mana. Angola, Iraƙi, Najeriya, duk shekarar da ɗanyen mai ya yi tsada rara suke samu. Da farashi ya karye a 2020 sai lissafin wasunsu ya juye. Rarar da haja ɗaya ke kawowa, wadda ba kai ke yanka mata farashi ba, ba ƙwazonka take nunawa ba. A ɗaya gefen, Koriya ta Kudu ta kwashe shekarun 1960 da 1970 tana cin giɓi, sai a 1986 ta fara ganin rara ta kirki. Amma me take shigowa da shi a lokacin? Injuna, ƙarfe, kayan gina masana'antar ƙarafa ta Pohang da wuraren ƙera jiragen ruwa na Ulsan. Wanda ya ci bashi ya sayi inji daban, wanda ya ci ya sayi kayan ƙawa daban, ko da adadin giɓinsu ɗaya ne a takarda.

Kwamared:
Hajiya, to Amurka a wane layi take? Injuna take shigowa da su ko talabijin da takalma?

Maman Iman:
Duka biyun, Kwamared. Kaso mai yawa na abin da take shigowa da shi kayan aiki ne da sassan da masana'antunta ke buƙata. Motar da ake haɗawa a Michigan, sassanta kan tsallaka iyakar Kanada da Mexico fiye da sau ɗaya kafin a gama ta. Shi ya sa harajin da aka ɗora wa ƙarfe a 2018 ya yi wa masu narka ƙarfe daɗi, ya kuma ƙuntata wa masu amfani da shi, waɗanda sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Tunda an zo kan haraji, ni harkar shigo da kaya nake yi, bari in faɗi abin da na sani a aikace. Harajin kwastam ba ƙasar da ta turo kaya ke biya ba. Wanda sunansa ke kan takardar shigowa shi ke biya kafin a sakar masa kwantenarsa. Daga nan sai ya zauna da kalkuleta: nawa zan matsa wa mai masana'anta ya rage min, nawa zan haɗiye daga ribata, nawa zan ɗora wa mai saye. Galibi na ƙarshen nan ne ke ɗaukar kaso mafi girma.

Kuma me harajin da Amurka ta ɗora wa kayan China a 2018 ya haifar? Giɓin kaya tsakanin Amurka da China ya sauko daga wajen biliyan 418 a 2018 zuwa ƙasa da 300 a 2024. Sai a ce an yi nasara. Amma giɓinta da Vietnam ya haura biliyan 120, na Mexico ya haura 170, har Mexico ta karɓe matsayin China na ƙasar da Amurka ta fi sayen kaya a wurinta a 2023. Jimillar giɓin kuwa ƙaruwa ya yi. Kamfanonin China da yawa sun je sun buɗe reshe a waɗannan ƙasashen, sassan na zuwa daga China, a haɗa a can, gurbin nan da Ɗan Tasha ya faɗa a rubuta masa wata ƙasa. China kuma ta rama a kan waken suya, sai da gwamnatin Amurka ta raba wa manomanta tallafin sama da dala biliyan 20.

Ɗan Tasha:
Wallahi haka ne Hajiya. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, sai dai rubutun ƙasa ya canza.

Abu Safiya:
Ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba. Dala ce matsalar duniya. Tun da shugaban Amurka Nixon ya raba ta da zinare a 1971 suke buga takarda suna karɓar dukiyar mutane. BRICS, ƙawancen su China da Rasha da Indiya, na zuwa, za ku gani.

Admin:
Abu Safiya, maganar BRICS tana da nata zauren, mun yi ta makon jiya har aka kusa faɗa. A tsaya kan batun ciniki don Allah.

Malam Habu:
Amma ya taɓo wani abu da ke da alaƙa. An taɓa gwada gyara giɓin ta hanyar karya darajar dala. A Satumban 1985 Amurka da Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya suka haɗu a otal ɗin Plaza a New York suka amince a sauke dala. Dala ɗaya tana wajen yen 240 a lokacin, kafin ƙarshen 1987 ta koma wajen 120. Giɓin bai ragu nan take ba, sai da ya ƙara hawa har 1987 sannan ya fara sauka, saboda kwangilolin da aka riga aka ƙulla ba sa canzawa dare ɗaya, kuma mai saye ba ya sauya kamfanin da ya saba da shi don farashi ya motsa yau. Ya ragu na wasu shekaru, daga baya ya dawo ya fi da.

Wani misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai. Shekara da shekaru ana cewa man da Amurka ke sayowa ne babban dalilin giɓinta. Sai ga fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don haƙo mai ta zo, a ƙarshen 2015 aka ɗage dokar hana fitar da ɗanyen mai, a 2020 ta zama tana fitar da mai da danginsa fiye da yadda take shigowa da su, a 2023 ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da iskar gas ta jirgin ruwa. An toshe ramin da ya fi kowanne girma, amma jimillar giɓin bai ko gezau ba. Muddin kashewa ta fi tanadi, in ka toshe nan sai ya ɓulle can.

Kwamared:
Na ji, haraji ba ya rufe giɓi. Amma ni ba giɓin ne ya dame ni ba, abin da ƙasa ta manta yadda ake ƙerawa ne. A 2020 ƙasashe masu arziki sun rasa takunkumin fuska, suna ƙwace wa juna a filin jirgi. A 2025 China ta taƙaita fitar da ma'adinan nan da ake maganaɗisun motoci da makamai da su, waɗanda kusan kashi 90 cikin 100 ita ke tace su, nan da nan kamfanonin motoci a Turai da Amurka suka fara kuka. Fiye da rabin jiragen ruwan kasuwanci da ake ƙerawa a duniya yanzu a China ne. A 2023 ta wuce Japan a fitar da motoci. Wannan ba takardar bashi ce za ka buga ka saya ba ranar da aka hana ka.

Malam Habu:
Nan kam muna tare. Sai dai wannan hujja ce ta kare wasu masana'antu ƙidayayyu, da tallafi da haƙuri na shekaru. Ba hujja ce ta bin kowace ƙasa da sanda don kana da giɓi da ita ba. Ku tuna 2 ga Afrilun 2025, ranar da Trump ya sanar da sabon haraji a kan kayan ƙasashen duniya. Yadda aka fitar da harajin kowace ƙasa shi ne, a ɗauki giɓin kaya da ita, a raba da abin da Amurka ke saye a wurinta, a raba biyu. Da wannan lissafin Lesotho ta tashi da kashi 50 cikin 100. Laifinta? Tana sayar wa Amurka wandunan jins da lu'ulu'u, mutanenta kuma ba su da kuɗin sayen jiragen Boeing. Mako ɗaya aka yi aka dakatar da mafi yawan harajin bayan kasuwanni sun rikice.

Baban Khalifa:
Na Lesotho kam zalunci ne, ban goyi baya ba. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar ranar da masu ba da bashin za su ce ya isa. Kun ce dala daban ce. Fam ɗin Ingila ma ai daban yake kafin yaƙin duniya.

Ummita:
Ni ma wannan nake jira. Kuma Japan da ake ta ambata, har yanzu rara take samu?

Maman Iman:
A kaya, ba kullum ba, ƙanwata. A 2011 Japan ta ci giɓin shekara na farko tun 1980, bayan girgizar ƙasa da hatsarin Fukushima sun sa ta rufe tashoshin nukiliya ta koma sayen gas da mai. A 2022 giɓin ya kusa yen tiriliyan 20 saboda tsadar makamashi da faɗuwar yen. Abin da ke riƙe da ita shi ne rarar da ta tara a shekarun baya ba ta cinye ba, ta sayi masana'antu da hannayen jari da takardun bashi a waje. Ribar da waɗannan ke turo mata duk shekara ta fi giɓin kayan, shi ya sa in an haɗa lissafin duka har yanzu a sama take.

Baban Khalifa, tambayarka kuma a wannan layin za ka sa mata ido. Shekaru da dama Amurka, duk da bashin da ake binta, ribar da jarinta na waje ke kawo mata ta fi abin da take biyan baƙi, domin ita masana'antu da kamfanoni take mallaka a waje, su kuwa takardun gwamnati masu ƙaramin ruwa suke riƙewa. Da kuɗin ruwa ya tashi daga 2022, wannan ratar ta tsuke ƙwarai.

Baban Khalifa:
To Hajiya, wannan layin zan riƙa bi. Malam Habu, in rahoton wata mai zuwa ya fito ka sako mana shi nan, amma ka ware mana na kaya daban, na hidimomi daban, da na ribar jarin.